Mama Mai Gwate a Littafin Zanena

A shekarar da sojoji suka yi alkawarin komawa bariki su bar wa farar hula mulki, ina da shekara ashirin da biyu, ina aiki a ɗakin zane na wata masaƙa a Kakuri. Sunan ɗakin ya fi aikin daɗi. Ba mu ke ƙirƙiro adon atamfa ba, akwai manya masu yin wannan a wani ofis mai labule. Namu kwafa ne kawai. A ba ka zanen ganye ɗaya ko tsuntsu ɗaya, ka ɗora takarda mai shara-shara a kai, ka bi layi da alƙalami, ka gama ka ɗauki wata. Na taɓa yin mako uku cur ina zana lema, har ya zama ko ido na rufe lema nake gani a jere.

Gefen takardun da ake yankewa a kwandon shara yake ƙarewa, sai na riƙa tsince masu kauri ina tarawa. Da suka yi yawa na kai su gidanmu a Tudun Wada wata Asabar, na roƙi mahaifina, wanda tela ne, ya bi mini tsakiyarsu da keken ɗinki.

Ya juya su a hannu ya ce, "Littafin mene ne?"

Na ce na zane ne.

"Wanda kake yi musu tun safe har yamma bai ishe ka ba?"

Amma ya ɗinka, har ya yi masa bango da ragowar yadin kaki. Littafin ya fito daidai aljihun rigar aikina. Na koma ɗakin da nake haya a Makera ina taɓa aljihun lokaci zuwa lokaci.

Ba wanda ya koya mini zanen mutane, kuma kunya ta yi mini yawa. Saboda haka wata biyun farko bayan mutane kawai na yi ta zanawa, don baya ba ya juyowa ya tambaye ka abin da kake kallo. Idan jiniya ta yi kuka da tsakar rana aka buɗe ƙofar masaƙa, sai in samu gefe in zauna. Na zana bayan masu kekuna da auduga maƙale a gashinsu. Na zana bayan mai rake yana fere, da bayan wata mata mai ɗaukar doya a kafaɗa maimakon a kai. Daga baya na fara satar fuska, in ɗaga ido in kalla, in sunkuyar in ja layi biyu. Kunnuwa suna ba ni wahala, hannuwa kuwa sai in cusa su a aljihu ko in ɓoye su a bayan wani abu.

Inda na fi zama shi ne rumfar wata mai abinci a gindin mangwaro, tsallaken titi daga ƙofarmu. Kowa Mama yake ce mata. Daga wajen Kafanchan take, abin da a lokacin ake ce wa kudancin Zariya, kuma ta yi shekaru a Kaduna. Gwaten accanta ne ya yi suna, ko da yake tana yin shinkafa da wake, ranar Juma'a kuma sakwara. Mace ce mai jiki da murya. Tana zuba wa mutum uku abinci, tana yi wa na huɗu faɗa, tana kuma tambayar na biyar jikin matarsa, duk a lokaci ɗaya. Mijinta, wanda muke ce wa Baba, ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa. Siriri ne, mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Kullum yana ƙarshen benci da jarida da ƙaramin rediyo cikin jakar fata, kuma aikinsa a rumfar bai wuce ya ce wa mutum "matsa can" idan wani ya zo ba.

A wannan damina ba a maganar komai sai zaɓe. An manne hotunan 'yan takara har a jikin mangwaron. Mama da Baba ba jam'iyyarsu ɗaya ba, kuma ba su ɓoye ba. Ita takan ce nata mutumin ya ce yara za su yi karatu, shi kuma ya amsa daga bayan jarida cewa kowa ma ya faɗi haka. Sai ta ce ai shi tun da ta san shi bai taɓa zaɓen abin kirki ba. Ya ce, "Ban da sau ɗaya." Masu cin abinci su yi dariya, ita kuma ta yi kamar ba ta ji ba.

Ranar da na zana ta ban shirya ba. Wani direban babbar mota daga Kudenda ne ya ga kamar an ba shi ƙaramin nama, ya miƙa cokalinsa cikin tukunya zai zaɓa da kansa. Mama ta ɗaga ludayi sama, ta dafe ƙugu da ɗaya hannun, ta buɗe baki ta fara. Ɗankwalinta ya zame gefe guda. Ban san lokacin da na ciro littafi ba. Kafin direban ya gama ba da haƙuri na gama, kuma da na duba na san ban taɓa yin wanda ya kai shi ba. Har hannun ya fito, da yadda yatsunta suka damƙe ludayin. In ka kalli takardar sai ka ji kamar muryar za ta fito.

Na ɗaga kai, sai na ga Baba ya sauke jarida yana kallona ta saman tabarau. Washegari da na zauna sai ya matso kusa da ni, ya ce a hankali, "Ɗana, ba ni in ga abin da kake rubutawa kullum."

Ba yadda zan hana dattijo. Na buɗe masa shafin na miƙa, na ce ya rufa mini asiri. Ya gyara tabarau ya duba. Da farko kafaɗunsa ne suka fara rawa. Ya toshe baki da jarida, abin ya ƙi, sai tari ya haɗu da dariya har rediyon ya faɗo daga benci.

Mama ta juyo. "Mene ne?"

"Ba komai," in ji shi, yana share hawaye.

Ta goge hannu a zani, ta zo ta karɓi littafin. Ta faro daga shafin farko, a tsaye. Abin mamaki, duk bayan nan da na zana ta gane masu su. "Wannan mai rake ne. Wannan mai gadin ƙofa ne, ga yadda yake karkata. Kai, wannan ai 'yar Binuwai ce mai doya." Tana dariya tana nuna wa na kusa da ita, mutane suka bar kwanukansu suka kewaye ta. Ta yi ta buɗewa har ta iso shafin ƙarshe. Nan dariyar ta tsaya.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan wace ce?"

Can Baba ya ce, "Wata mata ce mai sayar da abinci."

"Haka bakina yake?"

"In kina magana," in ji shi.

Ta rufe littafin, ta cusa shi a ƙullin zaninta, ta dube ni. "Ranar Lahadi, bayan an tashi daga coci, ka zo gida ka karɓi kayanka. Ka zo da fensirinka. Za ka zana ni yadda nake."

Ranar Laraba ce. Kwana huɗu na yi aljihuna ba komai, ina ganin abubuwa suna wucewa ba inda zan sa su. Na kuma ci gaba da zuwa rumfar, don gudu zai fi muni. Tana zuba mini abinci kamar kullum, ba ta ce uffan a kan littafin ba.

Gidansu a Makera yake, layi uku daga nawa, ɗaki biyu da falo a gidan haya mai rijiya a tsakar gida. Da na yi sallama na shiga, na kusa ban gane ta ba. Ta ɗaura gwaggwaro mai tsayi, ta sa takalmi mai tsini da sarƙa, ga jaka a hannu ɗaya, Littafi Mai Tsarki a ɗayan. Ta sa an jawo kujera kusa da taga. Atamfar da ke jikinta kuwa ta masaƙarmu ce, mai zanen leman nan da na yi mako uku a kansa.

Ta zauna ta miƙe baya, ta haɗe ƙafafu, ta tsuke baki, ta kafe ido a bango. Na lura har numfashi take riƙewa don ciki ya shiga.

"Mama, ki saki jiki," na ce.

"A sake yake. Fara. Kuma ka rage wuyan nan."

"Ai yadda yake zan zana."

"Fensirin ba a hannunka yake ba? Ka rage."

Na rage. Ta ce in ɗan ƙara tsayi, na ƙara. Ta ce kada in sa layukan goshi, na bar su. Baba yana gefe yana ɓare gyaɗa, lokaci lokaci ya leƙo ya ce, "Wannan baiwar Allah kyakkyawa ce, a ina take zaune?" Ita kuwa ba ta iya amsawa don kada bakin ya motsa, sai dai ta harare shi da gefen ido. Mun kusa awa biyu. Leman atamfar ne kawai suka fito da rai, don su ko ban duba ba hannuna ya san hanya. Sauran kuwa wata mata ce doguwa mai kama da wadda aka ce kada ta motsa za a yi mata allura.

Da na miƙa mata ta riƙe takardar nesa da fuska, ta matso da ita, ta yi murmushi har haƙora. "To, ka gani. Ashe ka iya."

Ta kira maƙwabciyarta, wata malamar makaranta 'yar Filato, ta nuna mata. Malamar ta duba da kyau ta ce, "Ƙanwarki ce ta Jos?"

Na zaci ran Mama zai ɓaci. Ina, daɗi ta ji. Ta juya ga Baba ta ce, "Ka ji ko? Ƙanwata." Aka kawo mini shinkafa da kaza, aka mayar mini da littafina, sannan ta ce za ta kai zanen a sa masa gilashi.

Baba ya ce zai taka mini. Sai da muka wuce rijiya muka fita ƙofar gida sannan ya riƙe hannuna.

"Wancan na farkon, yana nan?"

Na buɗe na nuna masa. Ba ta yage ba, sai dai akwai ɗigon manja a gefe.

"Ka ba ni shi," in ji shi. "Wadda ka zana yau sau biyu nake ganinta a shekara, Kirsimeti da ranar bikin wani. Wannan ita na aura."

Muna tafe a hankali ya ba ni labari. Yana saurayi, sabon ma'aikaci, jirginsu ya tsaya a tashar Kafanchan. Ita tana tallan dafaffiyar masara a bakin taga. Ya sa hannu ya zaro babbar da ke can ƙasan faranti, sauran duk suka zube a ƙasa. Ya ce tun daga lokacin ta fara faɗa, jirgi ya tashi tana bin taga tana yi, har sai da dandamalin tashar ya ƙare. Mako na zagayowa ya nemi a sake sa shi a wannan layin.

"Don ka ba ta haƙuri?" na tambaya.

"Don in ji ƙarshen maganar. Har yau ba ta gama ba."

Na yage masa shafin a hankali. Ya ninke shi biyu ya sa a aljihun gaba, ya danna da tafin hannu.

Daga ranar zamana a rumfar ya canja. Mama ta mayar da littafin kamar nata. Idan wani mai fuska ta daban ya zauna, sai ta ɗaga mini gira. In ya gama ci zai tashi ban gama ba, ta tsare shi da hira: ina labarin gida, an yi ruwa a wajenku kuwa, wa za ka zaɓa. Mutum ya yi ta bayani, bai san ana ɗaukar hancinsa ba. In ya tafi ta zo ta duba, kuma ba ta sassauta mini.

"Hular ka zana, ba ka zana yadda yake sa ta ba. Shi turo ta yake yi gaba, kamar yana jin kunyar goshinsa."

Wata rana kuma ta ce, "Me ya sa mutanenka ba su da hannu? Kowa ya sa a aljihu. A nan wa ka ga yana cin gwate da hannu a aljihu?" Ta ajiye ludayi ta shimfiɗa nata a kan tebur, ta ce in zana. Hannu ne mai kauri, da tabon ƙuna a bayan babban yatsa. Na zana shi sau shida a mako guda kafin ta ce ya yi. Ban taɓa shiga ajin zane ba, amma in aka tambaye ni wanda ya koya mini kallon mutum, ita nake tunawa.

Ranar zaɓe na ga Mama da Baba a layi a filin wata makarantar firamare. Yayyafi ake yi. Ta riƙe masa lema don kada jaridarsa ta jiƙe, tana kuma gaya masa cewa ƙuri'arsa asara ce. Na zana su daga nesa, tare da layin da ya lanƙwasa ya bi bayan aji. Mutane da yawa a layin ba su taɓa jefa ƙuri'a ba, ni ma haka, kuma kowa ya yi ado kamar za shi suna.

Ana saura kamar mako biyu a miƙa mulki, Mama ta ce tana da magana. Matan zumunta na cocinsu, wato ƙungiyar matan aure masu waƙa, za su yi sujadar godiya saboda an yi zaɓe lafiya. Sun ga zanenta a falo, kowace tana son nata. Ita kuma ta yanke cewa a yi guda ɗaya babba, kowa da kowa a ciki, a rataye a ɗakin da suke koyon waƙa.

Na ce, "Mama, akwai masu ɗaukar hoto a bakin kasuwa. Minti ɗaya sun gama."

"Mai hoto yana rage wuya?"

Na roƙi shugaban ɗakinmu babban farin kwali guda, ya ba ni ba tare da ya tambayi dalili ba. Ranar Asabar da la'asar na je. Ban taɓa shiga harabar coci ba, na tsaya a bakin ƙofa ina tunanin ta inda ake sallama, sai ga Baba ya zo ya ja ni. An jera benci biyu a inuwar wata dalbejiya a bayan ginin. Mata goma sha bakwai, duk cikin anko, zani da ɗankwali iri ɗaya da farar riga. An ajiye mini kujera da tebur da kofin kunun zaki. A gefe ga tulunan da suke kaɗawa da wasu ƙorai masu duwatsun ado a jiki.

Mama ta riga ta koya musu zama. Ina ɗaga fensir duk suka miƙe baya, suka tsuke baki, suka kafe ido a sama da kaina. Na fara daga hagu. Kafin in kai ta huɗu saƙo ya fara zuwa ta gefen baki: wannan a cire mata tabarau, waccan a mayar mata da haƙorin da ya fita, wata kuma ta ce kada a sa ta kusa da wance don za ta fi ta haske. Na yi kusan awa ina fama. Gumi ya jiƙa mini riga. Duk wadda na zana sai ta fito kamar ta kusa da ita, fuska ɗaya sau takwas.

Mama ta gaji da riƙe numfashi ta taso ta leƙa. Ta kalli kwalin, ta kalli matan, ta sake kallon kwalin.

"Su wane ne waɗannan?"

"Su ne, Mama."

"A'a. Waɗannan ba matana ba ne. Wannan da ka sa a nan, in tana dariya har titi ake ji. Dube ta kamar an aiko mata da sammaci." Ta juya ga Baba. "Kai me ka gani?"

"Ƙannensu na Jos," in ji shi.

Ta harare shi, amma na ga gefen bakinta ya motsa. Ta tsaya jim, hannu a ƙugu. Sannan ta juya kwalin ta mayar da farin bayansa sama, ta ce wa matan, "Ku tashi. Ku ɗauki tulu. Mu yi abin da muka iya, shi kuma ya yi abin da ya iya."

Ita ta ba da waƙa, da Hausa, suka amsa. Da farko suna yi suna satar kallona, amma kafin baiti na uku sun manta da ni. Masu tulu suka durƙusa suna bugun bakinsa da tafi, masu ƙwarya suna girgizawa, layin ya fara tafiya gaba da baya. Wata gajeruwa ta rufe ido ta ɗaga hannu ɗaya. Mai tabarau ta ture shi sama kan ɗankwali. Na bar kwalin na ciro ƙaramin littafina, na yi ta zana su ɗaya bayan ɗaya da sauri, fuska a nan, kafaɗa a can, ƙafa tana daka ƙasa. Fensir ya karye na ɗauki wani. Waƙa biyar suka yi, na cika shafi goma sha ɗaya, gefen hannuna ya yi baƙi ƙirin.

Da suka tsaya suka yanyame ni suna haki. Littafin ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu. Ba wadda ta gane kanta da farko, amma kowace ta gane 'yar'uwarta nan take, sai shewa da tafa hannu. Mama ta samu nata shafin, kai a ɗage, jijiyar wuya a tsaye. Ta daɗe a kansa.

"Wuyan dai ba ka rage ba," ta ce.

"In rage?"

"Bar shi. Da shi nake waƙar."

Na ce su ba ni mako guda in haɗa su duka a kan kwalin. Kullum in na tashi daga aiki sai in shimfiɗa shi a kan tabarma a ƙofar ɗakina, in yi ta yi har hasken yamma ya ƙare.

Ranar Talata, jiniyar tsakar rana ta yi kuka, na tsallaka titi zan ci abinci, sai na tarar da wata tsohuwa zaune a kan bencin Mama cikin ankon zumunta, da sanda a gefenta. Ƙarama ce, fuskarta duk tamoji, idanunta kuwa tar. Mama ta ce ita ce babbarsu, ita ta fi kowa daɗewa a ƙungiyar. Ta je ƙauye sunan jikanta ne, jiya ta dawo ta ji labari.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, sannan ta ce, "Kai ne mai zanen? An ce ka sa kowa ban da ni."

"Kaka, ba kya nan ne. Amma akwai wuri. Ki zauna yadda kike, yanzu zan zana ki."

"A'a. An gaya mini sai mutum yana waƙa kake zana shi."

Na fara cewa ba dole ba ne, amma ta riga ta dafa sanda ta miƙe. Ta gyara ɗankwali, ta tsaya a bakin titi tana fuskantar ƙofar masaƙa, inda ma'aikata ke ta fitowa, ta ɗaga murya. Siririyar murya ce mai rawa, amma ba ta kuskure ko ɗaya. Masu kekuna suka rage gudu. Mai rake ya tsaya da wuƙa a hannu. Da ta kai wurin amshi ba wanda zai amsa, sai Mama ta amsa daga bakin tukunya tana zuba wa wani wake. A zagaye na biyu wasu ma'aikata uku 'yan Filato suka shiga, ɗaya yana buga benci da cokali. Baba ya kashe rediyo.

Na zauna a kan dutse na zana ta, da sandar, da hannun da take kaɗawa a iska. Waƙar doguwa ce, kuma ba ta tsallake baiti ko ɗaya ba. Jiniyar komawa aiki ta yi kuka tana tsakiyar na ƙarshe, ba wanda ya motsa sai da ta sauke.

Ta zo ta duba, ta gyaɗa kai. "A hannun dama za ka sa ni, can ƙarshe, kusa da masu tulu. Nan nake tsayawa."

Ranar ban ci abinci ba, kuma na makara. Shugaban ɗakinmu yana tsaye a bakin ƙofa yana duban agogo. Sai na buɗe littafin na miƙa masa. Ya duba tsohuwar, ya buɗe baya ya ga sauran matan, ya daɗe fiye da yadda na zata. Sannan ya mayar mini ya ce in wuce wurin aikina, in kuma kwalin bai isa ba in zo in karɓi wani.

Kwalin ya isa. Na matsa mai tulun ƙarshe ciki kaɗan, na sa tsohuwar a hannun dama, suka cika goma sha takwas. Ranar Asabar Baba ya zo da kansa, muka naɗe shi a cikin tsohuwar jarida saboda hadari ya haɗo, ya ɗauka a hammata, ni kuma na riƙe masa rediyo har ƙofar cocin.